Kiran Suna a Kan Dutsen Fika

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau kasuwar shanu ta ci. Tun hantsi tireloli ke wucewa ta bakin titi, har kwanukan kan kabad suna kaɗawa. Na zauna tsintar wake, na tashi, na sake zama, waken dai bai tsintu ba. Da can duk ranar Laraba kunnena yana kan titi, don na san hon ɗin motarsa ko cikin barci. In ya loda shanun Legas, sai ya danna daidai kwanar unguwarmu, Dogo Nini, ya wuce. Bai taɓa cewa don ni yake yi ba, ni ma ban taɓa nuna na ji ba. Yanzu motar tana hannun wani, shi kuma yana kwance a sashensu, ƙafafu sun yi suntum, takalmi ba ya shiga.

Wancan nake nufi. Babban, mijin Jamilatu. Ɗan fari ne, ni kuma 'yar Fulanin Damagum ce, ba a haife ni in buɗe baki in kira sunan ɗan fari ba. Innata ba ta kira na yayana ba har ta koma ga Allah, kuma babu wanda ya ce ba ta son sa. Raudatu, autata, ta ce wai malamar makaranta guda, har da fansho, amma ƙauyanci bai sake ni ba. Na ce ta bari ta haifi nata tukuna, sai mu ga bakinta.

Alhamis, 3 ga Oktoba, magariba

Sun dawo daga Damaturu. An jona shi a injin wanke jinin nan an cire, ya dawo fuska kamar toka. Na leƙa ta labule na ga Yunus, ƙanensa, yana riƙe da shi har ƙofa. Sunan ciwon ma ba zan rubuta ba, ya isa haka.

Asabar, 5 ga Oktoba, hantsi

Jamilatu ta shigo gaishe ni, ta durƙusa ta ƙi tashi, na san da magana. Wai yana so ya je Fika kafin tafiyar asibitin Kano, ya ga garin, ya ga gidan Kaka Asta. Na ce to, ga hanya ga mota, wa ya riƙe shi? Ta ce ai cewa ya yi da ni za a je.

Me na ajiye a Fika? Mutumin da ba ya iya zuwa masallacin ƙofar gida sai ya huta, shi ne zai tafi yawon buɗe ido? Haka na ce mata, kuma da faɗa na faɗa, har yarinyar ta fita tana goge ido. Ba da ita nake ba, ta sani.

Kaka Asta uwar mijina marigayi Malam ce. Ranar da aka yaye wancan ta zo ta goya shi ta tafi da shi Fika, kamar yadda ake yi, ni kuwa ko ƙofa ban raka su ba, don kada a ce na yi rashin ta ido. Can ya girma sai da ta rasu, yana aji biyar, aka dawo da shi nan Potiskum. Allah cikin ikonsa kuma ajina aka kawo shi. A rajista shi ne na farko, saboda harafin sunansa. Ni na koya wa 'yan ajina in an kira su su ɗaga hannu su ce, “Ga ni, Malama.” To kullum da safe sai in saci kallon bencinsa, in ga yana nan, in yi alama, in fara kira daga na biyu. Yara sun yi ta dariya makon farko, daga baya suka saba. Shi ma tun daga nan Malama yake ce mini, ƙannensa suna Inna, shi yana Malama.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan asuba

Ba zan je ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, azahar

Na wanke labulen da na wanke shekaranjiya. Raudatu ta tsaya tana kallona, na ce ta nemi aikin yi.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Tireloli kuma.

Yunus ya zo ya zauna a bakin gadona yana ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya ce an sa ranar tiyata. Ƙodarsa ta yi daidai, likitocin Kano sun ce su zo. Su biyu za a shigar rana ɗaya, a cire a jikin wannan a sa wa wancan. Ya faɗa yana dariya, wai dama tun suna yara komai nasa sai Yaya ya ƙwace. Na yi masa addu'a, na shafa kansa, na kira sunansa ya fi a ƙirga. Yunus, Yunus. Wannan ba wuya.

Babu wanda ya san watan jiya ni ma na bi Jamilatu asibiti na miƙa hannu a gwada ni. Likitan ya auna hawan jinina, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Hajiya ki je gida ki huta. Na ji haushinsa ƙwarai. Yaron da bai fi sa'an Raudatu ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan saukowa masallaci

Da kansa ya zo. Na ji jan ƙafa a tsakar gida, na ɗauka wucewa zai yi, sai na ga inuwa ta tsaya a ƙofata. Bai shigo ba, bai taɓa shigowa ba. Ya dafa bango ya ce, “Malama, gobe ne tafiyar Fika. Akwai wuri a motar.”

Na juya wajen Raudatu na ce ta gaya masa ina da wanki.

“Ina jin ki ai,” in ji shi. “Wankin zai jira. Ni ne ban sani ba ko zan jira.”

Ya juya ya tafi. Raudatu ta fashe da kuka, na daka mata tsawa ta yi shiru. Na ciro mayafina mai ruwan ƙasa na goge.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Mun je mun dawo. Ƙafafuna ciwo suke, amma in ban rubuta ba kaina zai fashe.

Yunus ne ya tuƙa, wancan a gaba, ni da Jamilatu a baya. Tun da muka bar gari yake gyara wa Yunus tuƙi, rage nan, kauce wa ramin can, wai haka ake riƙe sitiyari? Direban tirela ko a gadon asibiti direba ne. Hanya kore shar, an fara yankan gero, dawa kuma tana tsaye ta fi mutum tsawo. Da muka fara hango tuddai sai ya sauke gilashi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ashe ban san Fika ba. Shekara da shekaru ina zuwa gaisuwar Sallah, amma suruka ba ta ɗaga kai a garin miji. Daga mota sai zaure, daga zaure sai ƙuryar ɗakin Kaka Asta, mayafi har hanci. Ƙasar garin na sani, da ƙafafun mutanensa. Yau na ɗaga kai na ga ashe tuddai ne suka kewaye shi, ga dabino dogaye a cikin kwari, ga duwatsu sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su ya tafi ya manta.

Wancan ya ce sai an fara kai ni tsohuwar fada. Katanga ce ta ƙasa mai kauri, in ka shiga zauren sai sanyi ya buge ka kamar ka leƙa randa. Ya nuna mini azarar rufi da ta yi baƙi don tsufa, ya nuna lungun da suke ɓuya suna yara in dogarai sun kore su, da inda ya faɗo ya fasa haɓa. Tabon nan na haɓarsa na san shi, ban taɓa tambayar inda ya samo shi ba. Yana bayani yana haki, amma idonsa ya dawo irin na da.

Kuma kowa a garin ya san shi. Tun daga bakin kasuwa ake ƙwala masa kira, tsofaffi, mata a ƙofar gida, wani mai faci har ya yar da taya ya rugo. Sunan nan da nake kaffa-kaffa da shi yana ta yawo a bakin kowa kamar gaisuwa. A ƙofar fada wani tsoho, Baba Disa, ya rungume shi ya kira sunan, ya sake kira, sannan ya dube ni ya ce wannan baƙuwar fa?

“Malamata ce,” in ji shi.

Daidai ya yi. Abin da ya kamata ɗan fari mai kunya ya faɗa ke nan, da ya ce wani abu daban da ni zan fara jin nauyi. Amma wallahi ya soke ni. Tsohon ya ce madalla, Allah ya saka wa malamai, ya ci gaba da hirarsa.

Gidan Kaka Asta ya zama kango, akuyoyin maƙwabta ne a ciki. Bai daɗe ba ya zagaya baya, inda wani dutse ya taso, ya ce zai hau. Yunus ya ce bai isa ba, suka yi ta ja, har Yunus ya ce to ya zo ya goya shi. Wancan ya ce duk wanda ya biyo shi bai yafe ba. Ya fara hawa yana dafa duwatsu. Jamilatu ta danƙa mini gorar ruwansa da ɗan murfin da ake auna masa, ta ce, “Inna, ke bai ce kada ki bi shi ba.” Yarinyar nan ta fi yadda nake zato wayo.

Na bi shi. Yana hawa yana tsayawa, ina tsayawa nesa kaɗan ina yi kamar ƙaya nake cirewa a zane. A sama akwai wani falalen dutse a gindin tsamiya, ya zauna, na ba shi ruwa a murfin ba tare da na dube shi ba. Daga nan ana ganin komai, rufin fada, kan dabinai, hayaƙin girki, da hanyar Potiskum ta miƙe fara tsakanin gonaki.

Ya ce nan yake zama duk jajibirin Sallah. Tun safe zai hawo da ɗan ƙunshin gyaɗa, ya zuba wa hanya ido, duk motar da ta taso ya ce tamu ce. In ya ga mun sauka sai ya gangara a guje ya wanke ƙafa ya sa sabuwar riga, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki. Ni kuma in kawar da kai in tambayi Kaka Asta ya jikin tsufa. Yana faɗa yana murmushi, ba da zafi ba. Ya ce Kaka Asta ta yi masa bayani tun yana ƙarami, ta ce wanda aka fi so shi ake ɓoyewa, kuma ya yarda.

Sannan ya ce, “Malama, na ji sunana a bakin 'yan sanda, na ji a bakin 'yan kamasho, na ji a bakin likitoci. Ina so in ji yadda yake a bakinki. Sau ɗaya. Nan babu kowa.”

Gaskiya ne, babu kowa sai iska da wasu 'yan tsuntsaye. Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Harafin farko ya zo har maƙogwaro ya tsaya kamar ƙashin kifi, na ji kamar Innata tana tsaye a bayana. Abin da ya fito shi ne, “Tashi mu sauka, hadari na haɗuwa.”

Ya dubi sama. Babu ko ɗigon gajimare. Ya ce to, Malama, ya miƙe.

A hanyar dawowa bai gyara wa Yunus tuƙi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi

Ya aiko mini da dabinon da aka ba shi a Fika, wai shi an hana shi. Na sa a kwano na rufe.

Talata, 15 ga Oktoba, azahar

Da ya yi fushi da na ji daɗi. Amma ya gaishe ni da safe ta bayan katanga kamar kullum, ina kwana Malama, har da tambayar ƙafa. Na share tsakar gida, na koma na share. Na fita zan je gidan maƙwabta, na kai ƙofa na manta abin da zan je yi.

Na gwada ni kaɗai a ɗaki, na rufe ƙofa kamar mai shirin sata. Bai fito ba. A sujada ma cewa nake, ya Allah, wanda ka sani. Allah kam ya sani, shi ne bai ji ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Wani direba ya danna hon a kwanar nan, na zubar da tukunyar miya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, hantsi

An yanke ba za a je da ni Kano ba. Yunus ya ce jinina zai hau, gara in zauna da yaran Jamilatu. Na yi musu na ƙarya, a raina kuwa na ji sanyi, sannan na ji kunyar sanyin da na ji. Raudatu ta ce in ina so ta rubuta mini sunan a allo in wanke in sha, ko zai sauka. Na jefe ta da mafici. Wa ya gaya mata ma? Gidan nan ba a ɓoye komai.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Sun tafi.

Su biyun suka durƙusa a ƙofata. Na ce Yunus ka riƙe addu'a, Yunus kada ka yi gardama da likita, Yunus ka ci abinci. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'a, ya dawo da ku lafiya. Ku na ce, a cikin ku ɗin nan na cusa shi. Ya ɗan jira kaɗan bayan Yunus ya tashi, kansa a ƙasa. Sannan ya ce amin, ya dafa ƙofa ya miƙe.

Dabinon yana nan a kwano.

Talata, 22 ga Oktoba, magariba

Jibi ne, da hantsi. Mata sai shigowa suke yi suna Allah ya ba da lafiya, kowace da labarin wani da aka yi wa aka dace, ko ba a dace ba. Ina amsawa ina kallon ƙofa. Gidan ya yi mini ƙanƙanta.

Alhamis, 24 ga Oktoba, hantsi, Fika

A kan gwiwata nake rubutu, hannun ba zai yi kyau ba.

Ina idar da asuba na ji ba zan iya zama in jira a ɗakin nan ba, ga mata za su cika shi. Na bar wa Raudatu yara, na ce zan je unguwa. Na hau motar haya a tasha, aka matse ni tsakanin buhun gishiri da wata mai kaji. Ban san me zan ce na zo yi ba in an tambaye ni, kuma an tambaya. Baba Disa yana zaune a ƙofar fada, ya gane ni, ya ce a'a, Malamar yaron nan ce, lafiya? Na ce ba malamarsa kaɗai ba ce, ni na haife shi. Tsohon ya saki baki. Ban tsaya ba, don in na tsaya kunya za ta kama ni.

Hawan ya fi na ranar nan wuya, babu wanda nake bi. Na zauna a gindin tsamiyar, inda ya zauna. Na zuba wa hanya ido. Mota ta taso daga nesa, na bi ta da kallo har ta shige gari, ba kowa nawa a ciki, amma sai da gabana ya faɗi. Wata ta sake tasowa, haka. Ashe haka abin yake. Yaro ɗan shekara bakwai da ƙunshin gyaɗa.

Sai waya ta yi ƙara. Jamilatu ce, ta ce an riga an shiga da Yunus, yanzu za a tura shi, yana son magana da ni. Na ji ƙarar ƙafafun gado da muryoyin ma'aikata.

“Malama,” in ji shi, muryar can ƙasa. “Za a shiga da ni. Ki yafe mini.”

Na ce bai yi mini komai ba, na yafe duniya da lahira.

“Kina ina ne? Iska nake ji.”

“Ina kan dutsenka.”

Na ji wata tana cewa a karɓi wayar, lokaci ya yi. Ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Na gyara mayafi, na tsaya yadda nake tsayawa gaban allo, na ɗaga murya yadda na ƙarshen aji zai ji, na fara daga na farko.

“Abbas Idrisa.”

Tsuntsayen kan tsamiya suka tashi. Na ji Jamilatu tana cewa, sauke hannun mana, akwai allura a jiki.

“Ga ni, Malama.”

Aka karɓi wayar.

Alhamis, azahar

Na yi taimama na yi salla a nan. Jamilatu ta ce aikin zai ɗauki lokaci, za ta kira da zarar an fito da su. Rana ta take, ruwana ya kusa ƙarewa, wani yaro daga ƙasa yana ɗaga mini hannu wai in sauko in sha inuwa. Ba zan sauka ba sai wayar nan ta sake ƙara. Na zo da dabinon a bakin mayafi, ina ci ɗaya-ɗaya ina kallon hanya. Abbas ya yi shekaru yana wannan zaman, ni ma zan iya yini guda.